Shekarar da Inna Ta Daina Jin Yunwa

Kwanakin baya aka tara mu, matan unguwa, a farfajiyar gidan likita, wani majo matashi, wato ma'aikacin jinya, ya yi mana bayani a kan abin da samari ke zuƙa yanzu, wanda suke kira ƙanƙara. Ya ce sunansa a wurin likitoci metamfetamin. Yana hana barci, yana kashe yunwa, yana cinye haƙora, daga baya ya taɓa hankali. Matan da ke kusa da ni suna ta salati, suna cewa zamani ya zo da abin da ba a taɓa gani ba. Da aka tashi na tsaya na tambaye shi ko abin nan yana da dangantaka da 'yar ƙwayar da ake kira a-ji-garau a zamanin ƙuruciyarmu. Ya ce gidansu ɗaya, sai dai na yanzu ya fi zafi. To ni na san gidan tun shekarar babban fari na biyu, kuma ba a hannun wani saurayi na fara ganin ƙwayar ba. A ƙulle a bakin zanen mahaifiyata na gan ta.

Lokacin ina aure a wani ƙauye kusa da Gidan Sori, ina goyon ɗan fari. Damina ta yi mana ƙarya, gero ya kai gwiwa ya bushe a tsaye. Maigidana ya bi maza kudu neman abin da za a ci. Wata rana wani ɗan garinmu mai fataucin fatu ya biyo ta ƙauyen, domin a shekarar nan fata ce kaɗai ta yi yawa, dabbobi suna ta mutuwa. Bayan mun gaisa na tambaye shi Inna.

Ya ce, "Innarki ai ta fi mu duka ƙarfi. Ita kaɗai ke riƙe da gida." Ya gyara igiyar kayansa, sannan ya ce, "Amma in da hali, ki je ki gan ta."

Uwar mijina tana zaune tana ji. Da ya wuce ta ce, "Tahi, ɗiyata. Mutum ba ya cewa a je a ga mai lahiya."

Na hau kamiyo, babbar motar kaya, zuwa Maradi, na samu wata zuwa Agiye, sauran hanya na taka da ƙafa. Garinmu yana tsakanin Agiye da Gazawa, sai an bar titi an yi kudu. Babanmu ya daɗe da rasuwa. Yayana ya tafi cin rani da matarsa, suka bar wa Inna 'ya'yansu uku, babbar ba ta isa ɗaukar tulu ba.

Na iske Inna tana share tsakar gida wadda ta riga ta sharu. Ta rame har zanenta ya zagaye ta ya yi saura, idanunta sun fito suna ƙyalli. Inna mace ce mai kawaici, wadda a da sai ka yini da ita ba ka ji maganarta ba sai gaisuwa. Ranar nan tun kafin in sauke goyo ta ba ni labarin rijiya, da na akuyar maƙwabta, da na wani biki da aka yi tun ban zo duniya ba, duka a haɗe. Tana magana muƙamuƙinta na motsi kamar mai tauna abu, alhali ba komai a bakin.

Aikin da take yi ya fi na mace uku. Tun asuba take shiga daji ta tsinko anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da sai an jiƙa su kwana da kwanaki ana sauya ruwa kafin su ciwu. Ta dawo ta ja ruwa a rijiyar da ta yi zurfi har guga ke fitowa da laka. Da rana ta je gidan wani ɗan kasuwa ta yi surfe a ba ta dusa. In ta dafa ta raba wa yara, ta tura mani nawa.

"Inna, ina naki?"

"Na ƙoshi."

"Me kika ci?"

"Ke dai ci, kina shayarwa."

Ban ga ta sa loma a baki ba sai ɗan abin da ta lasa a ludayi, kuma duk sa'ad da na farka tabarmarta ba kowa. Wata safiya na gan ta a bayan rumbu ta kwance bakin zane, ta ɗauki wata 'yar ƙwaya ƙarama, ta haɗiye ba ruwa. Ba ta ɓoye mani ba da na tambaya. Ta ce maganin yunwa ne, sunansa a-ji-garau, ƙanenta ke kawo mata. Ta faɗa da murna, kamar wadda ta samo dabarar da ta gagari kowa.

"In na sha, cikina ba ya tambayata komai. Rabona sai ya koma na yara. Wa zai ƙi wannan?"

Na bar ta da ƙullinta a ranar. Yaran suna raye, kuma na ga gidajen da aka fitar da yara a tabarma.

Abin da ya buɗe mani ido ya faru ne bayan an raba jar dawar taimako. Muka samu 'yar kaɗan, na niƙa, Inna ta dama kunu tukunya guda, abinci na gaske na farko da yaran suka gani cikin lokaci mai tsawo. Sun jeru da ƙoƙunansu. Inna ta leƙa tukunyar, ta ja da baya, ta sake leƙawa.

Ta ce, "Tsutsa ce a ciki."

Na duba. Na ce, "Inna, ba komai, dusar dawa ce."

"Ga su nan suna motsi. So ake a kashe mani jikoki."

Kafin in miƙa hannu ta ɗaga tukunyar ta juye a ƙasa. Yaran ba su yi kuka ba. Durƙusawa suka yi suna kwasar kunun da ƙasarsa suna kaiwa baki. Inna ta tsaya a kansu tana sosa damtsenta har ya yi jini, tana cewa tsutsar ta shiga jikinta ita ma.

Da la'asar na tafi wurin Kawu. Shi ne autan su Inna, ita ta goye shi. Yana da tebur a bakin kasuwa, da ashana, sabulu, alawa, kodayake a shekarar ba mai sayen alawa. An rufe iyakar ƙasa, amma shi yakan bi hanyar daji da kekensa ya tsallaka ya dawo, ba ya tsayawa hutu. Da na dube shi na ga idon Inna a fuskarsa, da irin taunar bakin nan.

Na durƙusa na gaishe shi, na gaya mashi abin da ya faru. Na ce, "Kawu, don Allah ka daina ba ta."

Ya ce, "Ɗiyata, kin zo mata da hatsi ne?"

"Ban zo da shi ba."

"To kawo hatsi in daina. Ni ba na karɓar ko dala a hannunta. Yayata ce. Na ga tana faɗuwa a bakin rijiya saboda yunwa, na ba ta abin da ya tsayar da ita. Mu duka shi ke tsaye da mu."

"Abin da ya tsayar da ita yana cin ta."

"Yunwa ma ci take, kuma ta fi shi sauri."

Ba mugunta a maganarsa, shi ya sa ta fi mani ciwo. Na tashi na ce, "Kawu, ni dai ba zan koma ɗakina ba sai na raba ta da abin nan." Ya ce Allah ya ba da sa'a, ya ci gaba da kaɗa ƙafa.

Washegari na goya ɗana na taka zuwa Agiye wurin majo. Dattijo ne, gajiya ta cika mashi fuska, ga mata cike da farfajiya da yara masu kumburin ƙafa. Ya saurare ni har na gama. Ya ce ba ni ce ta farko ba, manoma da masu haƙar rijiya da masu amalanke sun daɗe suna sha, amma bana ta shiga ɗakunan mata. Ya ce jandarma na kamawa a kasuwanni, sai dai abin da ke shigowa ta daji ya fi ƙarfin idonsu.

Na ce, "Wane magani za ka ba ni?"

Ya ce, "Ba ni da allurar da ke cire ta. Ki nisanta ta da inda ake samu, ki ba ta abin da za ta ci ko kaɗan ne, ki bar ta ta yi barci. Kuma ki shirya, za ta zage ki. Ba ita ke zagin ba."

Ya sa aka shigar da 'ya'yan yayana cikin masu karɓar kunun madara. Na dawo ina tunanin ina zan kai mace kamar Inna, a garin da kowane lungu ƙanenta ya san shi.

Allah ya kawo mafita ta hannun wata Bafulatana, aminiyar Inna tun suna amare. Goggo muke ce mata. Shekara da shekaru tana kawo mana nono, Inna na ba ta gero, har abin ya wuce ciniki ya zama zumunci. Rugarsu tana gabas da gari, tafiyar hantsi. Shanunsu sun kusa ƙarewa, mazan sun kora 'yan da suka rage kudu, an bar ta da surukarta da awaki kaɗan. Ta zo gaisuwa ne ta iske Inna kwance a zaure, domin a safiyar ta yanke jiki ta faɗi da guga a hannu, mata suka ɗauko ta. Na ja Goggo gefe na gaya mata komai.

Ta ce, da Hausarta mai karyewa, "Ki kawo ta ruga. Akuya biyu na da ruwan nono. Kosam kaɗan ne, amma a can ba tebur, ba keke."

Na ce, "Goggo, ku ma ba ku da shi."

"Shekarar da gobara ta ci bukkata, a ɗakin wa na kwana?"

Muka aro jaki. Inna ta farfaɗo a hanya ta fara tambayar ina za a kai ta. Goggo ta ce, "Gidana. Ni na zo biko, za ki ƙi ni?" Kunyar aminiya ta sa Inna ta yarda. Da muka isa na karɓi zanenta da sunan wanki, na kwance ƙullin, na zuba abin da ke ciki a wutar murhu.

Farko barci ta yi, irin barcin da sai mun sa hannu a hancinta mu tabbatar tana numfashi. Goggo ke tashinta ta ɗura mata nono da ludayi. Da barcin ya sake ta, sai yunwar da ta tara ta taso gaba ɗaya, da kuka, da baƙin rai. Ni ina kwana a gari da yara, in shiga daji in tsinko anza, in yi surfen da take yi, da azahar in kama hanyar ruga da ɗan abin da na samu. A lokacin na san nauyin da ta ɗauka. Akwai ranar da jiri ya ɗebe ni a bakin turmi, Kawu ya biyo ya gan ni, ya sa hannu a aljihu zai ciro mani ƙwaya. Na ce, "Kawu, bar shi a inda yake." Na zauna har jirin ya wuce, na tashi na ƙarasa.

Rana mafi wuya ita ce wadda na iske Inna zaune a ƙofar bukka, ta yafa mayafi, ta ce in kai ta gida. Na ce ba yanzu ba. Ta ce to in je wurin ƙanenta in karɓo mata guda ɗaya, ɗaya tak, ta samu ta miƙe. Na ce ba zan je ba.

Ta dube ni da wani ido da ban san ta da shi ba. Ta ce, "Ni na haife ki, ko ke kika haife ni?"

"Ke kika haife ni, Inna."

"To in ba ki je ba, zan ɗaga maki nono."

Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san abin da wannan magana ke nufi. Bakin uwa ba abin wasa ba ne, kuma ga ɗana a bayana. Na durƙusa a gabanta na ce, "Inna, in kin ɗaga, na ɗauka. Gara ki yi mani baki kina raye da in yi maki biyayya in binne ki."

Ta kai hannu ga rigarta. Goggo, da ke tsaye da ƙwarya, ta ajiye ta, ta zo ta riƙe hannun, ta zauna kusa da ita. Ba ta yi mata faɗa ba. Cewa ta yi, "Ƙawa, wannan ba bakinki ba ne. Bari sai naki ya dawo, in kina so ki yi, ni zan riƙe maki ita." Inna ta fashe da kuka, ta kifa kai a cinyar Goggo. Na ajiye ƙullin dusar da na kawo na juya gari, ina tafe ina share hawaye, amma ban bi ta teburin Kawu ba.

Ana cikin haka na fara lura da sauran matan gari. A bakin rijiya na gane su, masu ƙyallin ido da yawan magana da ƙuraje a hannu. Ba su da yawa sosai, amma duk irin Inna ne, masu riƙe da gida ba namiji. Na fara da matar liman, na gaya mata labarin tukunyar kunu. Ita ta tara dattawan mata, muka tafi ƙofar mai gari. Mai gari ya kira liman da Kawu. Aka daɗe ana magana. Wasu maza suka ce a bar mutane da abin da ke taimakonsu, in ba ƙwaya wa zai iya yasar rijiya da cikin wofi? Wata tsohuwa ta ce ɗanta mai yasar rijiya ne, kuma jiya ya ɗaga wa ubansa gatari yana cewa an haɗa baki da aljanu.

Mai gari ya yanke cewa ba za a ƙara sayar da ita a garin ba, wanda aka gani da ita a tebur za a miƙa shi ga jandarma, ko ɗan wane ne. Liman ya yi huɗuba a kai ranar Juma'a. Mu mata muka ƙara namu. Mun gane cewa kowace tana ɓoye rashin cinta ne a cikin ɗaki, don haka muka ce da azahar a fito da abin da aka samu, ko anza ce ko tafasa ko dusa, a haɗa a ƙarƙashin tsamiyar unguwa, yara su ci, iyaye su ci a gaban juna. In mace ta ce ta ƙoshi, sai matar liman ta miƙa mata ludayi ta ce, "Ƙoshi a kan ƙoshi ba ya kisa." Abincin bai ƙaru ba, amma ba wadda ta sake yin kwanaki ba ta ci ba, ba a sani ba.

Ba zan ce mun kore ta ƙaf ba. Masu so suna zuwa kasuwar Gazawa su samo a ɓoye, kuma akwai matar da ta koma sha har ta rasu kafin damina. Kawu ya kwashe teburinsa ya riƙa bin kasuwanni. A wata kasuwa jandarma suka kama shi, suka ƙone kayan a gaban jama'a, aka tsare shi wani lokaci. Da aka sako shi ya dawo gari ba keke, ba tebur, kuma hankalinsa bai dawo tare da shi ba. Yakan zauna a zaure yana magana da mutanen da ba mu gani, yana cewa ana biye da shi.

Inna ta dawo gida gab da saukar ruwa. Tana tafiya a hankali, ta koma mai kawaicinta, haƙoranta na gaba sun fara zuba. Ba ta taɓa tayar da maganar ranar nan ta ƙofar bukka ba, ni ma ban tayar ba. Abin da ta yi kawai, ranar da zan koma ɗakina bayan an yi shuka, ta raka ni har bakin gari, abin da ba ta saba ba, ta dafa kan ɗana ta daɗe tana sa mashi albarka, sannan ta dafa nawa.

Ta sha gaya mani daga baya cewa sha'awar abin ba ta bar ta da wuri ba. In aiki ya yi mata yawa sai ta ji bakinta yana nema. In ta ji haka takan ajiye aikin ta tafi ruga ta yini.

Ita ta ɗauki jinyar Kawu. Mutane suka ce ta bar shi, shi ya jefa ta. Ta ce ita ta goye shi, kuma da niyyar taimako ya ba ta. Kullum da hantsi takan dama kunu ta kai mashi, ta zauna a gabansa har sai ya shanye, domin a hannunta kaɗai yake yarda ya karɓi abinci. Wata rana ya gane ta sarai, wata rana ya tambaye ta ko ita wace ce. Haka suka yi har kaka ta zagayo sau biyu. Ya rasu ana cikin yankan gero, a shekarar da rumbuna suka cika, aka rufe shi da la'asar, maza suka koma gona.